Jaridar turancin da Arewa ta kafa a Kaduna: yadda ta tashi da yadda ta tsaya

Wannan nazari ne kan gidan jarida guda ɗaya a Kaduna, jaridar turanci mai fita kullum, wadda ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966, kafin ƙarshen 2013 kuma ta ɓace daga teburin masu sayar da jarida. Sunanta New Nigerian, zan riƙa cewa jaridar ko kamfanin, na kuma san duk wanda ya taɓa bi ta Ahmadu Bello Way ko ya tashi ya ga babansa na dawowa daga ofis da ita a hammata ya riga ya gano wadda ake nufi. Matsalar da za mu bi ita ce ta mallaka: wa ke da ita, wa ke biyan kuɗin takarda da albashi, wa kuma ke faɗa a ji a ɗakin labarai.

Kafin 1966: abin da ya sa aka ga dole a yi ta

Arewa ba ta rasa jarida ba a lokacin. Gaskiya Ta Fi Kwabo na fita daga Zariya tun Janairun 1939, Abubakar Imam ne edita, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, a 1948 kuma kamfanin ya fara buga ta turanci mai suna Nigerian Citizen. To amma Citizen ba kullum take fita ba, kafin ta iso hannunka labarin ya kwana ya tashi, gashi kuma a kudu ba wanda ya damu da ita. Su kuwa can suna da Daily Times tun 1926, Zik na da West African Pilot tun 1937 har ya turo Comet ta zauna a Kano, Awolowo na da Tribune a Ibadan tun 1949, daga baya gwamnatin Gabas na da Outlook, ta Yamma ta yi Sketch a 1964, ita ma ta tarayya ta yi Morning Post. Wato duk wata muhawara ta ƙasa da turanci ake yinta, kuma a jaridun da ba na nan ba.

An ji zafin wannan sosai a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a'a sai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a titin Legas, jaridu suka yi ta caccakarsu, abin ya ƙare da rikicin Kano a watan Mayu. Aka sake jin zafin a rigimar ƙidayar 1962 da 1963. Kullum sai dai a faɗa a kanka, kai kuma ba ka da inda za ka mayar da martani a ranar. Masu karanta turanci a Arewa ba su da yawa a lokacin, ma'aikatan gwamnati ne da malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwar Sabon Gari, saboda haka tun farko ba don riba aka yi tunanin jaridar ba, kuma wannan batu ne da zai dawo ya yi ta dawowa.

A watan Oktoban 1964 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta yi wa kamfanin rajista. Aka zaɓi Kaduna maimakon Zariya tunda nan ne gwamnati take, aka ɗauko wani Bature ɗan jarida Charles Sharp ya zama manajan darakta, aka sayo injin offset na zamani a lokacin da sauran gidajen jarida ke fama da tsohon tsarin narka dalma. Wannan injin shi ya sa hotunanta suka fi na kowa fita fes, abin da mai saye ke fara gani tun kafin ya karanta ko layi ɗaya. Citizen ta tsaya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta dawo ƙarƙashin sabon kamfanin.

Janairu 1966: sati biyu da haihuwa

Ranar 15 ga Janairu, sati biyu cif da fitowar bugun farko, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna. Gwamnatin da ta kafa jaridar ta rushe a dare ɗaya, jam'iyyar NPC da ake zaton jaridar za ta yi wa aiki ita ma aka soke ta. Sai ya zama jarida ce da mai ita ya tafi tun ba ta yi wata ba, wanda ya rage kawai gwamnan soja Hassan Usman Katsina da manyan ma'aikatan gwamnati.

A cikin shekarar aka naɗa Adamu Ciroma edita, ɗan ƙasa na farko a kujerar. Mutumin Potiskum ne, ya karanta tarihi a Ibadan, daga aikin gwamnati aka ɗauko shi, bai taɓa zama ɗan rahoto ba. Shekarar kuwa ba ta da sauƙi, ga Dokar soja ta 34 da Ironsi ya kafa a watan Mayu wadda ta soke tsarin jihohi, ga tarzomar da ta biyo baya, ga juyin mulkin Yuli, ga kashe-kashen Satumba da Oktoba, sannan yaƙin basasa daga 1967. Jaridar ta tsaya a kan matsayin Arewa ƙarara wajen adawa da haɗe ƙasa ƙarƙashin mulki ɗaya, har yau akwai masu zarginta da ita da Gaskiya da cewa sun ƙara wa wutar fetur a lokacin, akwai kuma masu cewa abin da mutane ke faɗa a zaure kawai ta fito da shi fili. Ko ma wanne ne, daga nan ne Legas ta fara karanta ta da safe don ta san me Kaduna ke tunani.

1967 zuwa 1975: shekarun tashe

Da Gowon ya raba Arewa jihohi shida ranar 27 ga Mayu 1967, sai aka zuba kadarorin da ba sa rabuwa a ƙarƙashin hukumar riƙo ta ICSA, jaridar na ciki, tare da irin su jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Wato mai ita ya zama gwamnoni shida ta hannun hukuma ɗaya, kuɗi na zuwa, amma babu wani gwamna guda da zai ɗaga waya ya ce a cire kaza a sa kaza, in ma ya yi to akwai biyar da ba su ce ba.

Ciroma ya hau kujerar manajan darakta, Mamman Daura wanda ya yi karatu a Dublin ya zama edita a 1969, bayansa Turi Muhammadu mutumin Bida, kuma kowannensu sai ya yi edita sannan ya gaji kujerar sama, saboda haka wajen shekara goma sha huɗu gidan bai ga baƙon shugaba ba. Waɗannan mutanen ajinsu ɗaya da manyan sakatarori da hafsoshin soja na lokacin, wasu tare suka yi makaranta, wasu tare suke sallar Juma'a, ba yaran da za a aika ba ne.

Abin da aka fi tunawa da shi shi ne sharhin jaridar. Ba a ciki ake ɓoye shi ba, a shafin farko yake, wani siririn layi a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, faɗinsa bai wuce inci ɗaya da wani abu ba, kalma uku ko huɗu a kowane layi, turanci gajere mara kwalliya. Mutum zai karɓi jaridar ya naɗe ta biyu ya fara da wannan gefen kafin ya duba babban kanu. Akwai kuma shafin Candido, mai rubutu da fuska a rufe, wanda ba a san ko waye ba kuma ba mutum ɗaya ba ne, yana tsokanar manya da gulmar ofisoshi. Jarida ce ta gwamnati amma tana sukar gwamnati, har a 1974 lokacin da Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ba ta yi shiru ba. A daidai wannan lokacin Morning Post ta gwamnatin tarayya, wadda ba ta san komai ba sai yabo, ta mutu saboda ba mai saye.

Ta fuskar kasuwa an gwada abu biyu. Na farko a 1973 aka kafa injin na biyu a Ijora da ke Legas, ana buga jaridar a gari biyu a dare ɗaya. Sai ka san yadda aikin yake za ka gane amfanin wannan. Jarida kayan gwari ce, dole injin ya tashi da dare, a ɗaure ta ƙunshi-ƙunshi da sunan gari a kai, direbobi su kama hanya tun kafin asuba, na Kano da Katsina daban, na Jos da Bauchi har Maiduguri daban, na Gusau da Sakkwato daban, in mota ta lalace a hanya ko aka makara da awa biyu to ranar ta tafi, washegari ejan zai dawo maka da kwantai ya cire kuɗinsa. Daga Kaduna zuwa Legas kuwa ba yadda za a yi mota ta kai da safe, ga shi kamfanonin da ke ba da talla duk suna can. Na biyu shi ne gine-gine, kamfanin ya mallaki manyan benaye a Ahmadu Bello Way, Nagwamatse House da Imam House, da gidajen ma'aikata, don kuɗin haya ya riƙa tallafa wa jarida.

1975: tarayya ta karɓa

'Yan makonni bayan hawan Murtala Muhammed, gwamnatin soja ta karɓi kashi 60 na Daily Times, ta kuma karɓi wannan jaridar gaba ɗaya, kashi 100. Abin da aka fi faɗa shi ne an yi haka ne don daidaito, kar a ce an taɓa ta Legas an bar ta Kaduna. Sanarwar gwamnati ta yi alkawarin ba za a sa baki a aikin editoci ba. A shekarar ne kuma aka naɗa Ciroma gwamnan Babban Banki, ita ICSA ma aka rushe ta a 1976 da aka ƙara jihohi.

Da farko ba a ga canji ba, tunda mutanen gidan su ne dai. A muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 da 1978 jaridar ta yi magana da muryar Arewa kamar yadda ta saba, ko da yake takardar mallaka na Legas. Abin da ya canza a ƙasa shi ne hanyar naɗi, yanzu shugaban ƙasa ta hannun ma'aikatar yaɗa labarai shi ke naɗa hukumar gudanarwa da manajan darakta da edita, shi ke kuma cirewa.

1979 zuwa 1993: siyasa, tsadar takarda, ficewar ma'aikata

Da farar hula suka dawo a 1979 sai jaridar ta tsinci kanta a hannun gwamnatin NPN, a garin da gwamnansa Balarabe Musa ɗan PRP ne, maƙwabciya Kano ma PRP. 'Yan adawa suka ɗauke ta a matsayin ta Shagari, Abubakar Rimi ya kafa Triumph a Kano a 1980 da 'yan uwanta na Hausa, Albishir da Alfijir ta ajami. Dama Jos na da Standard tun 1972, Ilorin na da Herald. Kowace jiha ta fara kai tallarta da sanarwarta gidan jaridarta. Kamfanin ya mayar da martani da ƙara bugu, aka fara ta ranar Lahadi a 1981.

Daga kudu kuma sabon salo ya taso, Concord ta Abiola a 1980, Guardian a 1983, Vanguard a 1984, jaridun 'yan kasuwa masu biyan albashi mai kyau. Yakubu Mohammed ya bar gidan ya tafi Concord, Dan Agbese da ya yi edita daga 1982 zuwa 1984 ya tafi suka kafa Newswatch da Dele Giwa da Ray Ekpu. A Kaduna kanta aka samu Democrat da Today da Reporter duk a cikin shekarun 1980, suna neman masu karatu ɗaya da 'yan tallar da ba su da yawa.

Sai SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida. A watan Satumban 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ta tashi daga naira ɗaya da wani abu zuwa sama da naira 4, kuma kusan duk abin da gidan jarida ke ci daga waje yake zuwa, takarda, tawada, faranti, fim, kayan gyaran inji. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku da aka sa rai za ta rufa asiri ba ta yi shekara goma tana aiki ba ta tsaya. Farashin jarida ya hau, albashin ma'aikacin da ke sayenta ya zube, sai aka koma tsayawa a gaban teburin mai jarida a karanta a ba shi ɗan wani abu a ajiye, mutum goma su karanta kwafi ɗaya a yi musu a kai har azahar, kwafin kuma ya koma kamfani a matsayin kwantai. Injin da ya zama abin alfahari a 1966 ya kai shekara ashirin yana aiki, ba a sabunta ba.

Abin da gwamnati ta fi gwadawa a wannan tsakanin shi ne canza shugabanni. Mohammed Haruna ya riƙe kujerar manajan darakta daga 1985 zuwa 1989, Bilkisu Yusuf ta yi edita, mace ta farko, Allah ya ji ƙanta, ta rasu a turmutsitsin Mina na 2015. Da aka raba Haruna da kujerar sai ya kafa mujallar Citizen a 1990 tare da ita da Adamu Adamu da Kabiru Yusuf, wato gidan ya sake rasa wasu daga cikin ƙwararrun alƙalumansa a lokaci ɗaya. Duk wanda aka kawo ya san wanda ya kawo shi, ya kuma ga yadda na gabansa ya ƙare, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin ya fito fili a Yunin 1993. Kwanaki kaɗan bayan zaɓen 12 ga Yuni, tun ba a sanar da soke shi ba, jaridar ta fito da sharhi mai share wa sokewar hanya, editanta Yakubu Abdulazeez ya ajiye aiki saboda sharhin ba daga teburinsa ya fito ba. Siririn layin nan na gefen hagu, wanda a da ake karantawa don a san ra'ayin gidan, yanzu kowa ya ga ana iya aiko da shi daga sama.

1993 zuwa 2006: bashi da neman mai saye

Shekarun Abacha ba su da wani dogon labari a nan, tallafi na zuwa yau gobe babu, albashi na makara, ma'aikatu na ba da talla ba sa biya, kuɗin fansho na taruwa. An ƙara bugun mako a 1998. A watan Maris na wannan shekarar ne Kabiru Yusuf da abokansa suka fara Weekly Trust a Kaduna da ɗan ƙaramin jari, a 2001 ta zama Daily Trust daga Abuja, a 2004 Sam Nda-Isaiah ya kafa Leadership, a 2006 Trust ta fito da Aminiya ta shiga kasuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo kai tsaye. Ga launi, ga kwamfuta, ga labarin da ba sai an jira izini ba. Gwamnatin tarayya ma ta bar Legas ta koma Abuja tun 1991, labari da talla suka bi ta, injin Ijora ya rage amfani.

Gwamnatin Obasanjo ta sa jaridun biyu a jerin kamfanonin da hukumar BPE za ta cefanar. Daily Times aka sayar wa Folio Communications a 2004. Ta Kaduna kuwa manyan Arewa suka nuna ba su yarda a sayar da gadon Sardauna ga duk wanda ya fi tayi ba, maganar ta yi ta jan ƙafa, a ƙarshe a 2006 tarayya ta miƙa kamfanin ga gwamnonin jihohin Arewa. Sai dai jihohin da suka ba da ita su shida ne, waɗanda suka karɓa 19 ne, jam'iyyu daban-daban, kowa da tasa jaridar ko rediyon da shi ma ya kasa riƙewa. An kuma raba bashin, haƙƙin ma'aikata na kafin 2006 a wuyan tarayya, na bayan nan a wuyan gwamnoni.

2006 zuwa 2013: masu ita 19

An yi murna a gidan da farko, ana cewa ta dawo gida. Tsarin shi ne jihohi su riƙa haɗa kuɗi a farfaɗo da kamfanin, a biya albashi, a gyara inji. A aikace wasu su bayar wasu su ce sai wata mai zuwa, kuma ba wanda zai tilasta wa wani tunda ƙungiyar gwamnonin Arewa zama ne na shawara, ba ta da baitulmali ba ta da sanda. A taru a Kaduna, a saurari rahoto, a miƙa wa kwamitin sakatarorin gwamnatoci, a fitar da sanarwar bayan taro da sakin layi ɗaya kan jaridar da kamfanin zuba jari na Arewa NNDC da masaƙar Kaduna, a watse sai wani zaman.

A ƙasa kuwa shafuka suka ragu, kwafin da ake bugawa ya ragu, wata rana a fita wata rana babu takarda ko babu man janareta. Wakilai a jihohi suna aiki ba albashi, kowa ya san abin da hakan ke haifarwa, ɗan rahoton da ya yi wata da watanni ba a biya shi ba da ambulan ɗin gidan gwamnati zai yi cefane, labarinsa kuma zai nuna. Mai talla yana tambayar mutum nawa ke karantawa, ba amsa mai daɗi. A waje duniya ta yi gaba, wayar salula ta shigo tun 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, Facebook ya cika hannun matasa, Premium Times ta fara a intanet a 2011.

Ma'aikata suka shiga yajin aiki kan bashin albashi na watanni, aka rufe ƙofa, kafin 2013 ta ƙare jaridar ta daina fita, ita ma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta haura shekara 70 ta tsaya tare da ita. Ba a yi wata sanarwa ta rufewa ba, ba a sallami ma'aikata a ƙa'ida ba, saboda haka a takarda albashi ya ci gaba da taruwa a kan kamfanin da ba ya buga komai.

Bayan 2013: maganar haƙƙoƙi

Daga nan labarin ya tashi daga na jarida ya koma na bin bashi. Shugabancin ƙungiyar gwamnoni ya wuce daga Babangida Aliyu zuwa Kashim Shettima a 2015, zuwa Simon Lalong a 2019, zuwa Inuwa Yahaya a 2023, kuma a kowane zamani tsofaffin ma'aikata sun yi taron manema labarai a Kaduna suna roƙo, suna lissafa abokan aikinsu da suka rasu ba su karɓi giratuti ba. Hanyar da gwamnoni suka tsaya a kai ita ce sayar da kadarori a biya bashi, wato gine-ginen nan da aka yi don su ciyar da jarida su ne aka koma sayarwa don a sallami waɗanda suka yi mata aiki, shi ma kuma abin ya yi ta tafiyar hawainiya tsakanin kwamiti da kotu da masu zaune a gidajen.

Ɓangaren tarayya ya fi tafiya. An sa 'yan fanshon kamfanin na kafin 2006 ƙarƙashin hukumar fansho ta PTAD tare da na NITEL da NICON da kamfanin ƙarafa na Delta, aka tantance su, aka sa su a jerin biyan wata-wata, aka riƙa rage musu bashin baya. Mutum biyu da suka yi aiki a tebur ɗaya, wanda ya yi ritaya kafin miƙa kamfanin yana ganin alat, wanda ya tsaya ya ƙara shekaru yana jiran gwamnoni.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba

A ganina ba intanet ce ta kashe jaridar nan ba, duk da haka ake yawan faɗa, don kafin Facebook ya zo ta riga ta rasa masu karatunta, kuma a gari ɗaya da ita, da tsadar takarda iri ɗaya da hanyoyi iri ɗaya, Trust ta tashi daga mako-mako ta zama babbar jarida, da mutanen da wasunsu a da'irar wannan gidan suka goge. Kasuwar jaridar turanci mai kallon ƙasa daga Arewa tana nan, wani ne ya ɗauka.

Abin da ya yi aiki tsakanin 1966 da 1975 haɗuwar abu uku ne da ba wanda ya tsara: mai ita yana biya, mai ita ba ya iya sa baki saboda ba mutum ɗaya ba ne kuma akwai hukuma a tsakani, sannan editocin suna da nauyin da za su ce a'a su kwana lafiya. Injin offset da na Ijora sun taimaka ƙwarai, amma sun taimaka ne saboda akwai abin da mutane ke son karantawa. Har ina ganin da NPC ta ci gaba da mulki, da wuya jaridar ta samu wannan sakewar, mai yiwuwa da ta zama wata Morning Post ɗin.

Karɓar 1975 ta cire na biyu, sannu a hankali ta cire na uku, SAP kuma ta raunana na farko. Canza shugabanni bai yi magani ba don ba daga kujerar ciwon yake ba, ƙara bugun Lahadi da na mako kuma ƙarin kashe kuɗi ne a kan inji ɗaya da ya tsufa. Miƙawar 2006 ta yi kama da komawa zamanin ICSA amma ba ɗaya ba ne, ICSA hukuma ce mai kasafi da ma'aikata da doka a bayanta, ƙungiyar gwamnoni kuwa ba ta da ko ɗaya, sai aka samu masu ita da ba sa takura mata sosai amma kuma ba sa biya. Nan ne nake ganin masu adawa da cefanarwa sun yi rabin aiki, sun hana a sayar, ba su kawo wanda zai zuba jari ya ɗauki alhaki ba, ko da yake in aka duba rigingimun da Daily Times ta shiga bayan sayar da ita ba za a ce tsoron nasu na banza ba ne. Abin da ya fi dacewa a 2006 shi ne a sayar da wani ɓangare na kadarorin tun suna da daraja kuma bashi bai kumbura ba, a sallami ma'aikata, a rage girman gidan, a danƙa sunan jaridar ga amintattu ko masu hannun jari da gwamna ba zai iya cirewa ba.

Biyan PTAD ya tafi ne saboda akwai mai bashi ɗaya da aka sani, da ofis, da layi a kasafin kuɗi. Bashin gwamnoni bai tafi haka ba saboda in ka je Kaduna a ce sai an zauna da sauran 18.